An ce a maimaita wa maiɗakina gwajin eko bayan wata uku: mene ne amfaninsa?

Baban_Husna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga masana da kuma waɗanda suka taɓa shiga irin halin da muke ciki. Maiɗakina ta haihu wata biyu da suka wuce, haihuwarta ta huɗu, aka yi suna lafiya. Bayan ta yi arba'in da 'yan kwanaki sai ƙafafunta suka fara kumbura har takalmi ya daina shigarta, ko sharar tsakar gida ta yi sai haki, da dare kuma ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo uku, wani lokacin ma a zaune take kwana tana tari. Da muka je asibiti aka yi mata ECG da hoton ƙirji, likita ya ce zuciyar ta yi girma, sannan ya tura mu gwajin da ya kira eko. A takardar sakamakon an rubuta EF 32%. An ba ta magunguna, aka ce mu dawo bayan wata uku a sake gwajin. Tambayata ita ce, tunda hoton ƙirji ya riga ya nuna girman zuciyar, me eko ya ƙara a kai? Me wannan 32 ɗin yake nufi? Kuma me ya sa za a sake biyan kuɗin gwajin da aka riga aka yi? Ba zargin likitan nake yi ba, so nake in fahimta, domin tun ranar da na ga lambar nan ban samu barcin kirki ba.

Abu_Fatima:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu. Ni dai a ganina yawan gwaje-gwajen nan ya fara wuce kima. A da likita da abin sauraren ƙirji kawai yake gane ciwo ya rubuta magani, yanzu kuwa kowane ciwo sai an tura mutum ɗaki uku ko huɗu, kowane ɗaki da kuɗinsa. Tunda an riga an gano ciwon, in dai tana samun sauƙi ban ga dalilin maimaitawa ba.

Likitan_Zuciya:
Malam Baban Husna, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ba zan iya yin hukunci a kan marar lafiyar da ban duba ba, amma zan bayyana abin da kowane gwaji yake nunawa, domin gwaje-gwajen nan uku ba aiki ɗaya suke yi ba. ECG yana rubuta lantarkin da ke motsa zuciya ne, wato tsarin bugawarta. Hoton ƙirji kuma inuwar zuciya kawai yake nunawa tare da halin huhu. Idan inuwar ta yi faɗi, yana iya zama naman zuciyar ne ya saki ya buɗe, ko ruwa ne ya taru a jakar da ke lulluɓe da ita kamar yadda tarin fuka yake jawowa, ko kuma ɗaya daga cikin ƙofofinta huɗu ce ta lalace. A hoton ƙirji duk suna iya kama da juna, alhali maganinsu ya sha bamban: na ruwan jaka wani lokaci sai an zuƙe shi da allura a ba da maganin tarin fuka na watanni, na ƙofa kuma yana iya kaiwa ga tiyata. Eko ne yake raba gardamar, domin da shi ake ganin zuciyar tana aiki a gaban idon mutum, a auna faɗin ɗakunanta da kaurin bangonta, a ga yadda ƙofofin suke buɗewa da rufewa, a ga inda jini yake bi da saurinsa.

EF kuwa shi ne kason jinin da babban ɗakin hagu yake turawa waje a kowane bugu. Idan ɗakin ya cika da mililita 120 ya fitar da 70, EF ya kama kusan kashi 58 cikin ɗari. Lafiyayyar zuciya ma ba ta fitar da duka, tsakanin kashi 50 zuwa 70 take tsayawa. Saboda haka 32 ba ya nufin kashi 32 na rayuwarta ne ya rage, kamar yadda na sha ganin 'yan'uwan marasa lafiya suna ɗauka. Yana nufin matsewar zuciyar ta yi rauni sosai, kuma ana buƙatar magani ba tare da wasa ba. Idan irin wannan rauni ya bayyana a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, EF ya gaza 45, ba a kuma sami wani dalili ba, shi muke kira raunin zuciya na masu jego. Mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa cikin wata uku zuwa shida, wasu sai sun fi haka, wasu kuma ba ta komawa daidai. Malam Abu Fatima, a nan na saɓa maka: maganin da ke sa fitsari yana iya sauke kumburi cikin mako guda, mace ta ji garau, alhali zuciyar tana nan a 32. Jin sauƙi ba ya gaya mana ko ta warke, gwaji na biyu ne yake gaya mana.

Uwargida_Funtuwa:
Ɗana Baban Husna, sannu da jinya. Ina da tambaya guda, ko an hana ta wankan jego da kunun kanwa? Na tambaya ne domin duk sanda aka yi zancen ciwon zuciyar masu jego sai a ɗora laifin a kan al'adarmu. Haihuwata tara, kowacce sai da na yi wankan ruwan zafi da ganye safe da yamma har arba'in, na sha kunun kanwa, kuma har yau ba a taɓa ce mini ina da ciwon zuciya ba.

Ungozoma_Damagaram:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiya ne mata da yawa sun yi wankan sun wuce lafiya, amma mu a ɗakin haihuwa waɗanda ba su wuce lafiya ba su muke gani. Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Mai jego za ta kumbura, a ce ai jiki ne bai gasu ba, a ƙara wuta, a ƙara kanwa, sai ta kai ba ta iya kwanciya sannan a ɗauko ta. Kanwa gishiri ce, gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki, saboda haka ko da ba ita ta kawo ciwon ba, macen da zuciyarta ta riga ta yi rauni kanwa ƙara mata nauyi take yi. Akwai wata yarinya da ba na mantawa, haihuwar fari, aka kawo ta a kan amalanke leɓɓanta sun yi duhu, kakarta tana riƙe da jaririn tana rantsuwa cewa ba a fasa wanka ko sau ɗaya ba. Sai da aka kai ta babban asibiti aka yi mata eko sannan aka san abin da ake jinya. A wajenmu na'urar ba ko'ina take ba, wani lokacin sai an yi tafiyar yini kafin a same ta.

Ɗalibin_Likitanci_Zariya:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Hajiya, domin tarihin binciken wannan ciwo yana da alaƙa da garinmu. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazari a Zariya a kan gazawar zuciya bayan haihuwa, inda aka ƙiyasta tana samun kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu, suka kuma danganta yawanta da kunun kanwa da wankan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Abin sha'awa shi ne, a 1979 da Sanderson da abokan aikinsa suka duba irin waɗannan mata da eko a Zariya, sai suka tarar da yawansu zuciyar tana matsewa da ƙarfinta, yawan ruwa ne ya yi mata lodi. Ke nan mata biyu suna iya zuwa da kumburi da haki iri ɗaya, amma ciwon ba ɗaya ba ne. Daga baya kuma babban binciken PEACE, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya, aka wallafa a 2020, bai sami hujjar cewa wankan jego ko kunun kanwa su ne suke haddasa raunin naman zuciyar ba. Abubuwan da suka fito fili su ne ramar uwa, da hawan jinin masu ciki, da rashin aikin yi, da rashin karatun boko. Tun a 1992 ma wani bincike a Yamai ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu wannan ciwo. Saboda haka Hajiya tana da gaskiya a wani ɓangare, Ungozoma ma tana da gaskiya a nata.

Uwargida_Funtuwa:
Na gode ɗana, ka yi adalci. Ni ma ban ce a ci gaba da ba mai kumburi kanwa ba, duk wadda likita ya hana gishiri to ta bar kanwa. Abin da ba na so shi ne a riƙa nuna iyayenmu kamar ba su san abin da suke yi ba.

Maman_Sadik:
Ku gafarce ni zan ɗan karkata, domin maganar Malam Abu Fatima a kan abin sauraren ƙirji ta taɓa ni. Ɗana yana shekara tara ya riƙa fama da ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi, yau gwiwa gobe idon sawu, muna ta sayen maganin zazzaɓi. Sau biyu aka saurari ƙirjinsa a wani ƙaramin asibiti aka ce lafiya lau. Sai da ya fara kasa wasan ƙwallo da abokansa, yana tsugunawa a bakin fili yana haki, sannan wata likita ta tura mu eko. Ina tsaye a bayanta aka kwantar da shi ta gefen hagu, aka shafa masa wani mai sanyi a ƙirji, na ga zuciyar ɗana a allo tana motsi, ja da shuɗi suna cakuɗewa a wani wuri. Ta nuna mini da yatsa ta ce nan ne jini yake komawa baya. Yau shekara huɗu ke nan yana karɓar allurar fenisilin duk wata, ana sake eko duk shekara, kuma an ce ƙofar ba ta ƙara lalacewa ba.

Likitar_Yara:
'Yar'uwa Maman Sadik, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan juriya, domin allurar tana da zafi kuma iyaye da yawa suna gajiya a hanya. Abin da kika bayyana shi ne ciwon ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cutar sitiref idan ba a magance shi ba. Garkuwar jiki ce take rikicewa ta afka wa ƙofofin, musamman wadda ke tsakanin ɗakunan hagu biyu. A kan wannan ciwo Bahaushe ya riga ya faɗa, gani ya kori ji. A 2007 an wallafa binciken da aka yi wa 'yan makaranta a Kambodiya da Mozambik, aka tarar eko yana gano masu ciwon kusan ninki goma na waɗanda saurare yake ganowa. Sai aka shiga tambayar ko gano shi da wuri yana da amfani, tunda yaran ba su da wata alama. An gwada wannan a yankin Gulu na ƙasar Yuganda: cikin yaran da aka riƙa yi wa allurar fenisilin duk mako huɗu, ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ne ciwonsu ya ci gaba a shekara biyu, cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kusan kashi 8. Ban raina abin saurare ba, kullum yana wuyana, amma kunne yana da iyaka.

Malamin_Fiziks:
Ga masu tsoron ko maimaita gwajin yana da illa, eko ba irin hasken hoton ƙirji yake amfani da shi ba, sauti ne. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, na'urar kuwa tana aika sautin da ke kaɗawa sau miliyan 2 zuwa 5 a daƙiƙa, ya bugi naman zuciya ya dawo, kwamfuta ta lissafa lokacin dawowarsa ta zana hoto. Tsari ɗaya ne da sikanin da ake yi wa masu ciki. A 1953 likita Inge Edler da masanin fiziks Hellmuth Hertz suka fara gwada shi a kan zuciya a garin Lund na ƙasar Suwidin, da na'urar da suka aro daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Malmo, inda ake amfani da ita wajen gano tsagewa a cikin ƙarfe. Launin da Maman Sadik ta gani kuma ba launin jinin ba ne. Bisa ƙa'idar Doppler ta 1842, sautin da ya dawo daga abin da ke tahowa yana canjawa daban da na abin da ke tafiya, sai na'urar ta sa ja ga jinin da ya nufo ta, shuɗi ga wanda yake nisantarta.

Tsohon_Direba:
Ni kuma labarina ya saɓa da naku, shi ya sa nake ganin kada a zuzuta gwajin nan fiye da kima. Ina da ciwon suga da hawan jini. Na riƙa jin nauyi a ƙirji idan na hau bene ko na yi sauri zuwa masallaci, in na tsaya sai ya lafa. Aka yi mini eko aka ce EF 60, sai dai bangon zuciyar ya ɗan yi kauri. Na koma gida da murna. Bayan wata biyar ciwon ya tashe ni da asuba, gumi yana zuba kamar an watsa mini ruwa. Sai da aka zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannuna har zuciya aka ga wata jijiya ta kusa toshewa. To ina amfanin eko ɗin da aka yi mini?

Likitan_Zuciya:
Alhaji, Allah ya ƙara kiyayewa, kuma ƙorafinka yana kan hanya. Eko na yau da kullum ba ya nuna cikin jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciya, sun yi ƙanƙanta. Abin da yake gani shi ne ɓarnar da toshewa ta riga ta yi, wato wani sashen bango ya daina motsi. Mutumin da ciwonsa yake zuwa da wahala ya tafi da hutu, eko ɗinsa a kwance yana iya fita lafiya lau. Irinsa ana yi masa gwajin ne bayan ya yi tafiya a kan injin motsa jiki, ko bayan an ba shi maganin dobutamin da ke sa zuciya gudu, ko a yi masa hoton CT na jijiyoyin zuciya, ko kuma a zura bututu kamar yadda aka yi maka, hanyar da Mason Sones ya buɗe a Amurka a 1958. Waɗannan biyun na ƙarshe suna amfani da irin hasken hoton ƙirji da kuma wani ruwa da ake turawa cikin jini, wanda dole a duba lafiyar ƙoda kafin a ba da shi, musamman ga mai suga. Hoton MRI ya fi kowanne nuna tabo da kumburi a cikin naman zuciyar, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Akwai kuma eko da ake yi ta cikin hanyar da abinci yake bi zuwa ciki, bayan mutum ya yi kamar awa shida bai ci komai ba an kuma fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, domin hanyar abinci tana bayan zuciya daf da ita, ta nan ake ganin gudan jini ko ƙwayar cuta a kan ƙofa. Kowane gwaji da tambayar da yake amsawa. Tambayar da ciwonka ya yi ta jijiyoyi ce, ta matar Baban Husna kuwa ta ƙarfin naman zuciya ce, kuma a wannan eko ne kan gaba. Kaurin bangon da aka gani a naka ma ba ƙaramin saƙo ba ne, sawun hawan jini ne na shekaru.

Auwal_Maraɗi:
Likita, ina da tambaya a kan sahihancin lambar kanta. An yi wa mahaifina eko a wuri biyu cikin wata ɗaya, na farko ya ce 45, na biyu ya ce 52. Wanne za mu ɗauka? Wannan ya sa na fahimci shakkun Malam Abu Fatima.

Mai_Aikin_Sikanin:
Ɗan'uwa Auwal, wannan aikina ne kullum, kuma gaskiyar magana ita ce EF ƙiyasi ne, ba kamar awon sikeli ba. Wani yana ƙiyastawa da ido, wani yana zana iyakar ɗakin a kan allo lokacin cikarsa da lokacin matsewarsa, kwamfuta ta lissafa. Bambancin maki biyar zuwa goma tsakanin masu aunawa biyu abu ne sananne. Mai ƙiba, da mai ciwon huhu, da wanda haƙarƙarinsa suka matsu, hotonsu ba ya fita sosai, domin sauti ba ya ratsa ƙashi da iska yadda ya kamata. Shawarata ita ce a riƙa maimaitawa a wuri ɗaya in da hali, a kuma zo da tsohuwar takarda. Sannan idan kun ga an rubuta cewa wata ƙofa ta dama tana ɗan yoyo kaɗan, kada hankalinku ya tashi kafin likita ya yi bayani, domin ana ganin haka a lafiyayyun mutane da yawa.

Abu_Fatima:
Na karɓi gyara a kan mai jego da kuma yara. Amma ina nan a kan bakana cewa ya kamata likita ya riƙa zama ya gaya wa mutum dalilin kowane gwaji kafin ya tura shi biyan kuɗi. Da an yi wa Baban Husna bayanin da aka yi a nan, da bai kwana yana juyi a kan lamba ba. Talaka da zai sayar da akuya ya yi gwaji yana da haƙƙin sanin abin da ya saya.

Baban_Husna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta mata duka jiya da dare, kuma mahaifiyata da take zaune da mu ta yarda a dakatar da kanwa. Kumburin ya sauka sosai, yanzu filo ɗaya take sawa, har ta fara cewa ko za ta rage maganin, na ce a'a sai likita ya ce. Akwai abin da ban faɗa ba a farko domin nauyinsa: likitan ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai an ga sakamakon gwaji na gaba. Shin wannan ma yana da alaƙa da lambar?

Likitan_Zuciya:
Ƙwarai kuwa, Malam, kuma yana cikin manyan dalilan maimaitawa. Ciki yana ƙara yawan jinin jikin mace da kusan rabi, zuciya ce kuma take ɗaukar wannan nauyi. Macen da EF ɗinta bai koma 50 ko sama ba, sabon ciki yana iya jefa rayuwarta cikin haɗari babba. Wadda ta farfaɗo ma ciwon yana iya dawowa, sai dai haɗarin ya ragu, kuma ana bin ta da eko a tsawon cikin. Ƙari a kan haka, wasu daga cikin magungunan raunin zuciya suna cutar da ɗan tayi. Idan EF ya yi ƙasa kamar nata, ana kuma duba ko gudan jini ya kwanta a cikin ɗakin, domin yana iya ɓallewa ya haddasa shanyewar ɓarin jiki. Ku je tare ku tattauna hanyar tazarar haihuwa da ta dace da mai ciwon zuciya, domin ba kowace iri ce ta dace da ita ba.

Ungozoma_Damagaram:
Ɗan'uwa, ka samo sikeli ta riƙa hawa kowace safiya kafin ta karya, kana rubutawa a littafi. Idan nauyinta ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, ko ta koma neman filo uku, ko tarin dare ya dawo, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ina kuma so Likita ya yi mana bayani a kan shayarwa, domin a nan wajenmu wasu ana ce musu su ci gaba, wasu ana ce musu su yaye, kuma ga tsadar madarar gwangwani.